Takardar Soja a Zauren Fada

 

Da kwamitin biki ya nemi in sa hannu cikin wannan littafi, na san cewa jerin sarakuna da hawansu da gine-ginensu akwai waɗanda suka fi ni saninsu nesa ba kusa ba. Saboda haka na zaɓi wani ɗan abu da ya riƙa shiga zauren fada ba tambari ba algaita, girmansa bai wuce tafin hannu ba, amma ya sa an yi guɗa a wasu gidaje, an shimfiɗa tabarmar makoki a wasu. Ina nufin takardar da ɗan ƙasar nan kan aiko daga bakin daga, zamanin da Faransa ke kwasar samarinmu zuwa yaƙe-yaƙenta.

Na fara riƙe irin wannan takarda a hannuna a farkon shekarun 1990, ina ɗan kwaleji. Akwai wani tsoho a unguwarmu, ɗaya daga cikin mazan jiya, wanda kan sa a kira ni in rubuta masa wasiƙa da Faransanci game da kuɗin fanshonsa. An ɗauke shi soja gab da yaƙin Hitila, Jamusawa suka kama shi a 1940. Takardunsa duka suna cikin wani tsohon gwangwanin biskit. Ran nan yana neman lambarsa ta soja, sai wani ɗan kati ya faɗo, ya yi laushi kamar tsumma, da hatimi a kansa da rubutun fensir. Ya ce shi ya aiko ma mahaifiyarsa da shi daga inda aka tsare su, kuma cikin adudunta aka same shi bayan rasuwarta. Ya nemi in karanta masa ya ji abin da ya ce. Layi huɗu ne: yana nan lafiya, fursunan yaƙi ne, yana gaida uwarsa, a sa shi cikin addu'a. Tsoho ya yi dariya har da hawaye. Ya ce ranar da aka rubuta katin, ya tsuguna gaban wani sarjan mutumin Senegal, ya gaida mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, tun daga kakarsa har jaririn da ya bari a goye, ya tambayi gero, ya tambayi rijiya, ya ba da saƙo ga yarinyar da aka yi masa baiko da ita. Ashe duk wannan a layi huɗu ya ƙare, shekara hamsin bai sani ba.

Tun daga ranar na gane cewa takardar soja hannuwa da yawa takan bi tsakanin ɗa da uwa, kowane hannu ya rage wani abu ko ya ƙara, kuma hannu na ƙarshe sau da yawa na fada ne.

Sunan da Faransa ta ba waɗannan sojoji, wato tirayer na Senegal, ya ɓatar da mutane da dama. An kafa rundunar a 1857, zamanin gwamna Faidherbe, sunan kuwa ya bi duk wani baƙar fata da aka sa ma jar dara, Bambara ne ko Mosi, Bahaushe ko Bazabarme ko Babarbare. A 1910 wani hafsa, Charles Mangin, ya wallafa littafi yana cewa Afirka rumbun mayaƙa ce, a 1912 aka yi dokar ɗaukar soja ta tilas. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci mutane ya ƙi ƙarewa, aka turo Blaise Diagne, ɗan majalisar Senegal, a 1918, da alkawarin sauƙin haraji da kuɗin iyali da ɗaga daraja, ya tara samari wajen 63,000 a Afirka ta Yamma kaɗai. Kusan 30,000 daga cikin tirayer na wannan yaƙi ba su koma gida ba. Nijar a lokacin yankin mulkin soja ce mai babban birni a Damagaram, ta fito ke nan daga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ga kuma yaƙin Kawusan a Agadas a ƙarshen 1916, don haka kasonta bai kai na Sudan ta Faransa ko Gine ko ƙasar Mosi ba. Amma gidan da aka ɗauke ma ɗa guda, ba ruwansa da lissafin kaso. Daga 1919 doka ta mai da abin na kowace shekara, ko ana yaƙi ko ba a yi, aikin soja shekara uku.

A nan ne sarauta ta shiga tsaka mai wuya, kuma murnar biki ba za ta sa mu rufe ido ba. Kumandan ba ya bin gida-gida. Adadi yake aikowa, sarki ya raba ma masu gari, masu gari su fito da samari, likita ya duba, a ja ƙuri'a. Wanda bai cika adadi ba, rawaninsa na rawa. Samari da yawa sun ƙetare iyaka cikin dare zuwa ƙasar Katsina ko Daura ko Sakkwato, suka jira ƙura ta lafa. Dattawanmu sun sani, ko da ba su cika faɗa ba, cewa kayan ya fi sauka a kan marayu da talakawa da ɗiyan bayi, ko da yake akwai gidajen sarauta da suka ba da ɗiyan cikinsu. To, zauren da aka fitar da yaro ta cikinsa, ta nan labarinsa ke dawowa.

Mu bi takardar tun daga tushe. Harshen bariki Bambaranci ne da wani gurgun Faransanci, wanda har sojan Faransa suka buga masa ɗan littafin koyarwa a 1916 domin hafsoshinsu. Lakwal kuwa a ƙasar nan ba ta taka kara ta karya ba, tunda har ranar samun ƴancin kai a 1960 yaran da ke zuwa ba su kai biyar cikin ɗari ba. Saboda haka Bahaushen soja sai ya nemi wani mai galo da ya yi karatu a Dakar ko Bamako, ya faɗa masa cikinsa da guntun Bambaranci da guntun Faransanci da nuni da hannu, shi kuma ya rubuta abin da ya fahimta da abin da katin zai ɗauka, ga layin mutane a bayansa kowa na jira. Wanda ya yi karatun allo ya fi sa'a, don yakan rubuta nasa da ajami, ya kuma zama malamin bataliya ba tare da an naɗa shi ba. Ƙishin rubutu ya kai inda, a garin Firejus na kudancin Faransa, inda ake kai tirayer su fake ma sanyin hunturu, wata mai zane, Lucie Cousturier, ta buɗe masu ƙofar gidanta tun daga 1916 tana koya masu karatu da rubutu. Ta ba da labarinsu a littafin da ta wallafa a 1920.

Tambur ba ya cikin damuwar soja, domin tun ranar 3 ga Agusta 1914 aka yafe ma mayaƙa kuɗin aika wasiƙa. Damuwar ita ce idon hukuma. Daga 1915 aka kafa kwamitocin buɗe wasiƙun sojoji, ba a yarda mutum ya faɗi inda yake ba, balle yawan waɗanda suka faɗi. Ranar 16 ga Afrilu 1917, a tudun Chemin des Dames, aka tura tirayer gaba cikin ruwa da ƙanƙara, hannuwansu sun sandare har wasu ba su iya riƙe bindiga, dubbai suka mutu ko suka ji rauni cikin ƴan kwanaki. Katin da ya fito daga irin wannan wuri ba abin da zai ce sai lafiya lau. Rubutun Larabci da ajami kuwa shi aka fi sa ma ido, domin Sarkin Musulmi na Santambul ya yi shelar jihadi a watan Nuwamba 1914 yana tare da Jamus, Faransa kuma na tsoron abin da Musulmin rundunarta ke raɗa ma juna.

Sai hanya. Jirgin ruwa daga Marsey ko Bordo zuwa Dakar, daga nan Kotonu, a hau jirgin ƙasa, wanda bai isa Paraku ba sai 1936, sannan a biyo ta Gaya da Doso, a miƙe gabas ta Ƙonni da Madawa da Maraɗi da Tasawa har Damagaram. Ɗaya hanyar ta Ikko ce, tunda jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano a 1912, daga Kano kuma raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci. Watanni ake yi. Sau nawa uwa ta yi guɗa a kan katin da mai shi ya riga ya kwanta dama, Allah kaɗai ya sani.

Ba gidan da ke da lamba, ba titin da ke da suna. Abin da ke bayan takarda shi ne sunan mutum, da ƙauyensu, da kanto, da gundumar kumandan. Daga bariki gardi-sarki ya kawo fada, daga fada dogari ya kai ma mai gari, ko a aika a kira masu ita. Ba a karanta irin wannan takarda a ɗaka. A zaure ake buɗe ta, gaban fadawa da duk wanda ya ji ƙishin-ƙishin ya biyo. Mai karantawa, ko tafinta ne ko magatakarda ko mushen lakwal, yakan dubi layi huɗun nan na Faransanci, ya dubi tsohuwar da ke durƙushe gabansa, ya san ba zai iya sallamarta da wannan ba. Sai ya gyara murya ya ɗauko tsarin wasiƙar Hausa kamar yadda aka gada: takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wance, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Tunda ɗan gari ne, ya san gidan, sai ya bi mutanen ciki da suna ɗaya bayan ɗaya. Abin da sarjan ya yanke a Faransa, mai karatu ya mayar a zaure. Shi ya sa tsohon unguwarmu bai taɓa zargin kome ba: da ya dawo, kowa godiya yake yi masa cewa bai manta da shi ba a takarda. Mu da muke karanta saƙonnin gaishe-gaishe a gidan rediyo mun san nauyin wannan, don mutum ya fi yafe maka bashi da ya yafe maka tsallake sunansa. Ni dai ban ga laifin waɗannan masu karatu ba. A ganina sun fi sarjan ɗin kusa da abin da sojan ya faɗa.

Amsa ma haka take tafiya. Uwa ta je wurin malam, ko a jira ranar kasuwa a sami mai rubutu. A faɗi yadda damina ta yi, da wanda aka haifa, da batun haraji, wanda sau da yawa da mandar da sojan ya aiko ake biyansa. Mutuwa kan jira sai ya dawo. Shi yana ɓoye masu ƙanƙara da harsashi, su suna ɓoye masa fara da rumbun da ya ƙare, kowa na lallashin ɗan'uwansa daga nesa.

Akwai kuma ɗaya takardar, wadda ba soja ne ya rubuta ta ba: sanarwar mutuwa. Ita ma ta fada take biyowa, kuma a kan sarki ko wakilinsa nauyin faɗa ke sauka. Matsalarta suna. Magatakardan bariki kan rubuta abin da kunnensa ya ji, sau da yawa sunan yanka da sunan gari kawai, wani lokaci ma sunan wanda aka je a madadinsa. Musa nawa ne a kanto guda? An yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ga mutumin da ya sauko daga mota bayan shekara biyu, an kuma yi ta jiran wanda ƙasa ta daɗe da rufe ma ido.

Wannan ne ya sa ɗan katin nan ya zama hujja gaban alƙali. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta sami damar yin aure. Matar fursunan da aka san yana raye kuwa tana nan a matsayin matarsa, sai fa in rashin ci da sha ya kai ta ga neman rabuwa. Ke nan layi huɗu na fensir na iya riƙe aure, rashinsu na iya kwance shi, haka kuma rabon gado da gona. Duk wanda ya ji labarin sojan da ya dawo ya tarar da matarsa a ɗakin wani da goyo, kada ya yi saurin zagin matar. Ya fara tambaya shekara nawa gidan ya yi ba takarda.

Shiru mafi tsawo shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Yuni 1940 Faransa ta faɗi. A wurare da dama Jamusawa sun ware baƙaƙen sojoji daga fararen suka harbe su, kamar a Chasselay kusa da Liyon ranakun 19 da 20 ga wata, inda maƙabartar tirayer take har yau, da yawan kaburburan ba suna. Waɗanda suka tsira aka tsare su a sansanoni cikin Faransa kanta, don Jamus ba ta son baƙar fata a ƙasarta. A 1941 fursunonin da suka fito daga ƙasashen renon Faransa sun kusa 70,000, cikinsu har da Léopold Sédar Senghor, wanda aka tsare a Poitiers. A nan gida kuwa, gwamna Boisson na Dakar ya bi gwamnatin Pétain, Cadi ta bi de Gaulle tun 26 ga Agusta 1940 a ƙarƙashin Félix Éboué, Najeriya na hannun Ingila, sai Nijar ta wayi gari da iyakoki a tsare, hanyar Kano ta toshe. Da Dakar ta juya ta bi ƙawancen Amurka da Ingila a ƙarshen 1942, sai hanyar Marsey ita ma ta yanke, ba abin da ya rage sai ƙungiyar Kuros Ruj ta Jeneba da ƴan katunanta. Fursunoni da yawa sun fi samun wasiƙa daga matan Faransa da suka ɗauke su kamar ɗiya, suna kai masu burodi da safa, fiye da daga iyayen da suka haife su. Wanda ya bar Maraɗi a 1939, in ya daɗe bai dawo ba, ko garin ma bai tarar inda ya bar shi ba, tunda ambaliyar 1945 ta sa an tashi daga kwari an hau tudu.

Me ya rage daga duk waɗannan takardu? Abin da ya fi tsira shi ne wanda aka rubuta da kyakkyawan Faransanci, kuma ya faɗi abin da Faransa ke son ji. Wasiƙar da aka fi ambata ita ce ta kaftin Charles N'Tchoréré, mutumin Gabon, zuwa ga ɗansa Jean-Baptiste, wanda shi ma soja ne, yana alfahari da shirin da yaron ya yi na kare Faransa. Jamusawa sun harbe uban a Airaines ranar 7 ga Yuni 1940 bayan ya miƙa wuya, don ya nemi a ɗauke shi a matsayin hafsa, ɗan kuma ya faɗi a wannan yanki cikin makon. Jarumai ne, ba musu. Amma muryar manomin da aka ja ma ƙuri'a, wanda bai san inda Faransa take ba sai da ya gan ta, ba ta cikin irin wannan wasiƙa.

Inda na ji ɗuriyarta, a matsayina na mai aikin murya, wuri ne da ban zata ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Jamusawa sun tara fursunoni Musulmi da ƴan Afirka a sansanin Wünsdorf kusa da Barlin, har suka gina masu masallaci a 1915. Daga wannan shekara zuwa 1918 masanan harsuna suka riƙa bin sansanoni da na'urar ɗaukar murya, suna sa fursunoni su yi magana ko waƙa a bakin ƙaho. Faya-fayen suna nan a jami'ar Humboldt. Masanan nahawu suke nema, ba su damu da abin da ake faɗa ba, sai a shekarun baya-bayan nan wata mai bincike, Anette Hoffmann, ta nemi masu jin harsunan suka fassara. Cikinsu akwai wani da aka rubuta sunansa Jámafáda, mutumin Fada Ngurma, garin da ya taɓa zama cikin Nijar daga 1932 zuwa 1947. Da aka ba shi ƙaho, labarin yadda aka ɗauko shi ya bayar, da munin yaƙi, da rabuwa da nasa. Wasiƙa ce ba sarjan ba tafinta, ta kusa shekara ɗari a kan kanta ba wanda ya kai ta.

Bayan yaƙi takardu suka juya, suka riƙa tafiya daga nan zuwa can. Farkon amsar da aka ba masu neman haƙƙinsu ita ce ta sansanin Caroy kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, inda sojan Faransa suka buɗe wuta a kan tsofaffin fursunonin da ke neman albashinsu na shekarun tsare. Hukuma ta ce 35 suka mutu, masana tarihi da dama na ganin sun fi haka ƙwarai, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi. Wasu kuma suka tafi Indoshin ko Aljeriya, kamar Seyni Kountché, da Oumarou Ganda wanda fim ɗinsa Cabascabo ya nuna yadda abokan cin mushe ke wawashe kuɗin sojan da ya dawo. A ƙarshen 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon mazan jiyan ƙasashen da suka sami ƴanci, abokinsu Bafaranshe na samun ƙari kowace shekara, su nasu na tsaye wuri guda. A 2001 kotun ƙoli ta harkokin mulki ta ba wani tsohon sarjan na Senegal, Amadou Diop, gaskiya, bayan ya riga ya rasu, kuma ba a gama daidaita kuɗin ba sai 2011. Wasiƙun da nake rubuta ma tsohon unguwarmu na wannan zamani ne. Bai ga daidaitawar ba.

Bayan rasuwarsa da ƴan shekaru na koma gidan na tambayi gwangwanin. Na same shi cike da ƙusoshi. Takardun an zuba su a buhu an rataye a ɗakin ajiya, gara ta riga ni.

Don haka nake roƙon alfarma wurin Mai Martaba, albarkacin wannan biki, da ya sa a yi shela: duk gidan da ke da katin soja, ko littafin aikinsa, ko rasiɗin manda, ko wasiƙar ajami, ko da rabi ne, ya kawo fada. Kada a manna shi da gam, kada a goge shi da ruwa. A ɗauki hotonsa gaba da baya, a mayar ma masu shi, a buɗe rajista a rubuta sunan sojan na gaskiya, da ƙauyensu, da shekarar da aka ɗauke shi, da sunan mahaifiyar da aka karanta ma takardar.